Ranar da Barci Ya Sace Ni a Hanyar Jaji

A gidanmu na Samaru, a Zariya, ba mai kirana da sunan yanka. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana, sai ta laƙaba mini Dogo, unguwa kuma ta ɗauka. Tun ina aji biyar a firamare wandon makaranta ba ya yi mini shekara, kafin wata Sallar ta zagayo ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Tsawon nan ne ya kai ni ga ƙwallon kwando, ba wata baiwa ba.

Wanda bai tashi a Zariya ba zai yi mamakin yadda wasan ya samu gindin zama a can. Jami'ar Ahmadu Bello ce sila. Ga fili, ga ɗalibai daga ko'ina, ga kuma kocin nan Ba'amurke, Oliver Johnson, da ake ce wa OBJ, wanda ya shafe shekaru yana horar da yara a garin. Mu 'yan bayan katanga sai dai leƙe. In mun dawo gida mu samo ƙarfen tayar keke, mu zare wayoyin, mu kafa shi da ƙusa a jikin dogonyaron ƙofar gida. Ƙwallon ƙafa muke jefawa, ita ma ta sha faci. A 1994 da 1995, da Hakeem Olajuwon ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyu a jere tare da Houston Rockets, yayan wani abokinmu ya samo kaset ɗin bidiyo, muka yi ta kallo har hoton ya fara rawa. Ɗan Legas ne, Musulmi, yana azumi yana buga wasa. Daga nan ba wanda ya isa ya gaya mini ba Amurka zan ƙare ba.

A sakandare na shiga ƙungiyar makaranta. Kocinmu malamin motsa jiki ne, gajere, mai ƙaramar murya, kuma yana da wata magana da na tsana a lokacin. Ya ce gajiya a ƙafa take farawa amma a hannu ake ganinta. Ɗan wasa zai rantse bai gaji ba, to ka bar bakinsa, ka kalli ƙwallonsa: in jifa ya fara tsayawa a bakin ƙarfe ta gaba, ƙafa ta mutu, a fitar da shi. A ƙwallon kwando canji ba shi da iyaka, kana fita ka huta minti biyu ka dawo, ba kamar ƙwallon ƙafa ba da in an cire ka shi ke nan. Duk da haka ni abin kunya na ɗauke shi. In na ga an miƙe daga benci za a canje ni, sai in kau da kai kamar ban gani ba.

Haka na yi a 2003, ina shekara 21, a wata gasa ta manyan makarantu, a filin siminti. Muna zango na uku, jifana uku a jere suka daki bakin ƙarfe. Koci ya ɗaga hannu, na girgiza masa kai, na nuna masa yatsa ɗaya, wato a ƙara mini minti ɗaya. Ban cika mintin ba. Na yi tsalle zan cafe ƙwallon da ta dawo daga allo, na sauka a kan ƙafar hagu a karkace, na ji ƙas a cikin gwiwa. Aka kai ni wajen maɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure da kara. Bayan wata biyu asibiti suka ce jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata, suka faɗi kuɗin da ko gidanmu aka sayar da ƙyar ya kai. Amurka ta tsaya a nan. Na ba ƙanena kambas ɗina, na daina bi ta gaban filin.

A 2011 na samu aiki a Abuja, sashen kuɗi na wani kamfani. Murna a gida ba a magana. Ranar da na fara tambayar kuɗin haya a cikin gari na gane cewa aiki a Abuja daban, kwana a Abuja daban. Na kama ɗaki a Masaka, jihar Nasarawa, kamar dubban irina. Shekara ta zagayo na yi aure, muka yanke shawara matata ta zauna a Zariya kusa da Inna, tun da Baba ya rasu, ita kuma tana koyarwa a firamare. Na ce mata shekara biyu kawai, kafin in tsaya da ƙafata. Shekara biyun nan sai da ta zama goma sha ɗaya.

Daga Masaka zuwa tsakiyar Abuja tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Ranar Lahadi da safe rabin awa da 'yan mintoci ta isa. Ranar Litinin, in ka bari ƙarfe shida ta same ka a gida, ka sallama awa uku. Hanya ɗaya ce tal ke ɗauke da duk mutanen da Abuja ke buƙatar aikinsu amma ba ta da wurin kwanansu: Masaka, Ado, One Man Village, Mararaba, Nyanya, gadar Karu, tudun Kugbo, sannan mahaɗar AYA a bakin gari. A Mararaba kasuwa ta cinye gefen titi, motocin haya suna tsayawa a tsakiyar kwalta su yi lodi, kwandasta ya rataye a ƙofa yana ihu, mutane suna tsallaka titi a ƙarƙashin gadar da aka gina musu don tsallakawa. Bayan bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilu 2014 aka ƙara shingayen bincike, layi uku ya riƙa matsewa ya koma ɗaya. Ba wanda ya yi ƙorafi da ƙarfi, duk mun ga abin da ya faru, wasunmu ma a cikin gosulon ranar suka ji ƙarar.

Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. Asuba a hanya nake yin ta, a masallacin wani gidan mai, mu da yawa, kowa da makullin mota a hannu, ana sallamewa ana gudu. Motata tsohuwar Golf ce mai giyar hannu, kuma ƙafar kuloci ita ce ta hagu, mai ciwon. Wanda bai taɓa taka kuloci sau ɗari biyu tsakanin Sharp Corner ta Mararaba da Nyanya da gwiwar da ba jijiya ba, ba zai gane ba. Kafin in isa ofis ta kumbura ta cika wando. Ina zaune ina kallon mai sayar da cajar waya yana wuce ni, ya je ya dawo, ya sake wuce ni. Wani lokaci in yi ta lissafin banza: a ƙwallon kwando daƙiƙa 24 ake ba ka, ko ka jefa ko a karɓe ƙwallo, wasan gaba ɗaya minti 40 ne. Ni kuwa na ƙone wasa huɗu cur ban kai Kugbo ba. Sai ka ji jiniya daga baya, a buɗa wa wani babba hanya, 'yan wayo su bi bayansa a guje, mu masu bin doka mu koma inda muke.

Da yamma a sake kwatawa. Tara na dare nake shiga ɗaki, wani lokaci goma, in ci indomi da ƙwai wajen mai shayi, in kwanta da kayan jikina.

Wannan na Litinin zuwa Alhamis ke nan. Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci zan kama hanyar gida: Zuba, Tafa da tirelolinta da suka mayar da titi gareji, Jere, Katari, Rijana, Kaduna, Kawo, Mararrabar Jos, Jaji, har in hango fitilun Kwangila. A shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari, tsakanin Jere da Kaduna ba mai tsayawa ko fitsari ya matse shi. Kana tuƙi kana kallon daji, in ka ga motocin da ke tahowa sun ɗauke na minti biyu sai gabanka ya faɗi. Daga 2018 aka fara aikin sake gina hanyar, aka riƙa rufe hannu ɗaya, masu zuwa da masu dawowa a haɗe, ga ƙura, ga fitilar manyan motoci a ido. In isa gida goman dare. Asabar rabinta barci, rabinta ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa da aka tara mini. Lahadi bayan azahar in juya.

Ranar 30 ga Agusta 2015, Lahadi ce, D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Najeriya, suka doke Angola da ci 74 da 65 a Tunisiya, suka ɗauki kofin Afirka karo na farko a tarihi. Tun ina yaro nake jiran wannan rana. A bayan wata tankar mai ta same ni, kusa da Zuba, inji a kashe. Saƙon waya ne ya gaya mini. Na karanta, na ajiye wayar, ban ji komai ba. Da ina da hankali, a ranar zan gane akwai abin da ya mutu a jikina.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu in na tuna shi ne halin da na koma. Ni da aka sani da barkwanci na zama mutumin da ƙarar cokali ke ɓata wa rai. Zagin da na haɗiye a Mararaba, wanda ban iya yi wa mai jiniya ba, shi nake kawowa Samaru in sauke a kan waɗanda ba su taɓa ganin Mararaba ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Wani dare matata ta bari na gama cin abinci, ta ce, "Baban yara, ka san suna jin ƙarar motarka suke kashe talabijin su shige ɗaki?" Na ce mata ai tarbiyya ce. Ta ce, "To, Allah Ya sa." Ba ta ƙara ba. Ni kuwa a raina ina ganin ba a gode mini, ni da nake kashe kaina a hanya saboda su. Duk wanda ya ce na rage, amsata ɗaya ce: neman halak ne, sai haƙuri. Na mayar da haƙuri bargon da nake rufe taurin kaina da shi.

Sai Yunin 2019. Toronto Raptors sun kai wasan ƙarshe na NBA, shugaban ƙungiyar a lokacin kuma Masai Ujiri ne, wanda a Zariya ya tashi, a can ya fara ƙwallon kwando. Duk ɗan Samaru da ya taɓa riƙe ƙwallo ya ɗauki abin nasa. Wasa na shida a jerin wasannin ƙarshen da Golden State ya faɗo ƙarfe biyun dare agogonmu, wayewar Juma'a 14 ga wata. Na ce wannan kam ba za ta wuce ni ba kamar ta 2015. Na dawo ɗaki goma, na kasa barci don ɗoki, na kalli wasan a waya. Toronto suka ci 114 da 110, suka ɗauki kofin. Na yi kuka ni kaɗai a ɗaki, har yau ban san na murna ne ko na gwiwata ba. Ana gamawa lokacin fita ya yi. Na wanke fuska na shiga gosulo, na yi aiki, na yi Juma'a, na kama hanyar Zariya. Wani abokin aikina ya kalli idona ya ce in bari sai da safe. Na ɗaga masa yatsa ɗaya ina dariya.

Har Kaduna tsoro ya riƙe mini ido. Da na wuce Mararrabar Jos hankalina ya kwanta, aka fara yayyafi, abin share gilashi yana kaiwa yana komowa. Na tauna goro, na sauke gilashi, na mari kumatuna. Abu na ƙarshe da na tuna, jan fitilar bayan wata mota a gabana. Abu na gaba, ciyawa tana dukan gilashi, sitiyari yana fizgewa, sannan wani irin duka daga ƙasa, mota ta tsaya a karkace cikin kwatami, hancinta a laka. Tsakanin biyun ba na jin an yi daƙiƙa huɗu. Taku kaɗan a gabana kan kwalbati ne na siminti.

Wani dattijo direban tirela da yaransa biyu ne suka fito da ni. Ba karaya, sai fashewar leɓe da ciwon ƙirji inda bel ya riƙe ni. Ya haska ni da tocila, ya shinshina, ya ga ba maye ba ne, ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da barci?" Na fara yi masa bayanin taya. Ya ce, "Bar taya, tayarka lafiya lau. Shekara talatin ina kan hanyar nan. Barci bashi ne, in ba ka biya shi a tabarma ba, a kan sitiyari zai karɓa, kuma ba ya jin goro." Ya sa aka ja motar da sarƙa, ya kai ni rumfar wani mai shayi a Jaji, ya karɓe makullin ya ba mai shayin, ya ce kar a ba ni sai rana ta fito. A kan benci na kwana, ƙafafuna suna lilo a waje. Ban tambayi sunansa ba, da na farka ya tafi.

A gida na ce taya ce ta fashe. Matata ta yi shiru. Inna ta daɗe tana kallona, ta ce, "Dogo, wannan idon ba na mai lafiya ba ne. Ranar Litinin asibiti za ka, ba Abuja ba." Aka gwada jinina, 170 bisa 105, ina shekara 37. Likita ya tambayi awa nawa nake barci, na ce huɗu, wani lokaci biyar. Ya ajiye biro ya ce maganin da zai rubuta rabin aiki zai yi.

Zan so in ce daga ranar na canja, amma ƙarya ce. Sati biyu na koma ruwa. Abin da kawai na yi, na fara bin jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna wasu makonnin, sannan in hau mota zuwa Zariya. Daga Masaka zuwa Idu ma tafiya ce mai zaman kanta, amma ko ba komai a jirgi in ka yi gyangyaɗi kafaɗar maƙwabci za ka faɗa wa.

Kullen korona na 2020 ne ya yi mini abin da hatsari bai yi ba. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, na maƙale a Masaka wajen wata uku. Karo na farko cikin shekara tara na riƙa barcin awa takwas. A bayan unguwarmu akwai wata makaranta da ke da kwando ɗaya a lanƙwashe, ba raga, ban taɓa lura da ita ba don ban taɓa ganin unguwar da rana ba. Na ari ƙwallo wajen wani yaro. Ranar farko duk jifan da na yi a bakin ƙarfe ya tsaya, na ji muryar kocinmu kamar yana bayana. Bayan sati uku suka fara shiga. Ba na tsalle, ba na gudu, jifa hamsin daga layi in koma gida. Da dare in kira yara mu yi hira har kati ya ƙare. Wata rana babbar 'yata, tana shekara bakwai lokacin, ta ce, "Baba, ashe kana dariya?" Uwarta ta karɓe wayar da sauri tana ba ni haƙuri. Na ce ta bar ta. Na ajiye waya na zauna a bakin katifa har aka kira isha. Shekara da shekaru ina zaton zafin rai halina ne, na gado ne, ashe barci nake ji.

Da aka buɗe hanya na koma, amma zuciyata ta riga ta fita. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane, aka sace wasu, jirgin ya tsaya har Disamba. Na koma titi ina tuƙi da addu'a. Sai 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Ni ma'aikacin lissafi ne, na zauna na yi wa kaina abin da nake yi wa kamfani. Mai, gyaran mota, hayar Masaka, abincin waje, maganin hawan jini. Fiye da rabin albashina a hanya yake ƙarewa. Ashe titi nake yi wa aiki.

Na yi istihara, na je na durƙusa gaban Inna na gaya mata zan ajiye aikin. Na zaci za ta ce in yi haƙuri. Ta ce, "Tun ranar da ka ce taya ce ta fashe nake roƙon Allah Ya nuna mini wannan rana." Ashe ba wanda ya yarda da labarin tayar. Abokai kuwa sun ce na haukace, ana neman shiga Abuja ni ina fita. A ƙarshen 2023 na samu aikin akanta a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya, albashin ya gaza na da da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na sayar da Golf na sayi mashin.

Ba daɗi ne zalla ba. Nama ya ragu a miya, mun canja wa yara makaranta, filin da na fara ginawa har yau yana nan a linta. A wajen ɗaurin aure wanda da yake ce mini "manyan Abuja" yanzu sannu kawai yake yi, wasu ma sun yanke cewa kora ta aka yi. Akwai daren da nake kwanciya ina tunanin ko na yi wauta. Zariya ma tana da nata cunkoson, in tirela ta gitta a Kwangila ko 'yan keke Napep suka cushe a PZ har yanzu ina jin tsohon zafin yana tasowa. Amma minti goma sha biyu ke kai ni wajen aiki, kuma jinina ya sauka da ƙwaya ɗaya a rana.

Bayan la'asar ina tare da yaran unguwa a wani filin siminti, su wajen ashirin, ƙwallo uku. 'Yata tana cikinsu, ta gado tsawon. Tun da ta kalli D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, a gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda suka doke Ostareliya da Kanada suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas, ta hana ni sakat. Inna ta ƙi da farko. Da na gaya mata tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta yarda a buga da ɗankwali a rufe kai, sai ta sa sharaɗi biyu: dogon wando, kuma a dawo kafin magariba.

Akwai wani yaro ɗan shekara sha huɗu, ya fi kowa iyawa. Makon jiya jifansa uku a jere suka daki bakin ƙarfe, na busa usur na ce ya fito. Ya kau da kai. Na sake busawa. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya ce, "Koci, wallahi ban gaji ba, minti ɗaya kawai." Na shiga filin da ɗingishina na karɓi ƙwallon a hannunsa. Ya je can ƙarshen benci ya zauna ya juya mini baya, na miƙa masa ruwa ya ƙi karɓa. Har aka kira magariba bai ce mini uffan ba, ko sai da safe bai yi mini ba.